'Yan Fim, Wa Ya Ce Maku Kowane Bature Turanci Yake Ji?

Mai karatu, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya game da finafinanmu da littattafanmu na soyayya, wato yadda suke nuna zaman ƙasar waje. Ka san labarin, don ka gani har ka gaji. Ɗan Alhaji ya tafi karatu Ingila, a nuno jirgi ya tashi, a rubuta "bayan shekara biyar", sai ga shi ya sauko da kwat da baƙin gilashi, Hausar ma ta fara gagararsa. To shekara biyar ɗin nan da aka tsallake fa? Ai nan ne labarin yake, kuma nan ne daraktocinmu suke rufe ido.

Za ka ce mani ai fim nishaɗi ne, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne masu kallon. Yaran Maska da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, waɗanda iyayensu suka rayu da auduga da masara, yau taki ya yi tsada, 'yan bindiga sun sa gonakin nesa sun zama abin tsoro a wuraren Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Yaro irin wannan idan ya kalli waya ya ga dillalin biza yana tallar karatu da aiki a Turai, ba shi da wani hoton Turai a kansa sai wanda fim ya ba shi. Da wannan hoton ne zai matsa wa tsohonsa a sayar da gonar gado.

Bari in ɗauki ƙasa ɗaya don ka gane nufina, wato Finlan, wadda mutanenta ba su kai miliyan shida ba. Harsunan hukuma biyu ne a can, yaren Finlan da na Suwidin, babu Turancin Ingilishi a ciki. Shi yaren Finlan ɗin ko dangin Ingilishi ba ne, 'yan'uwansa su ne harsunan Istoniya da Hangari. Saboda haka takardar Turancin da ka ci a sakandare ba ta rage maka komai.

Suna ɗaya a yarensu yana da sigogi 15, gwargwadon aikinsa a jimla. Gida shi ne talo. A cikin gida, talossa. Daga cikin gida, talosta. Zuwa cikin gida, taloon. Sannan jan wasali ko nanata baƙi yana juya ma'ana: tuli wuta, tuuli iska, tulli kwastan. Nan kam Bahaushe yana da ɗan sauƙi, tunda mu ma jan wasali yana cikin abin da ke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo. Ba su kuma raba "shi" da "ita", kalma ɗaya ce, hän. Bayan ka sha wahala ka haddace na littafi, ka fita titi sai ka iske ba haka ake magana ba. A aji an koya maka minä olen, wato "ni ne", a bakin samarin Helsinki sai ka ji mä oon. Ka daure ka haɗa jimla, mai kanti ya ji ka yi gargada, don ya taimake ka sai ya juya Turanci. Da wa za ka koya ke nan?

Kuma ba abin ado ba ne. Likita ko ma'aikaciyar jinya ba za su duba marar lafiya ba sai sun iya yaren da zai faɗa masu inda ke ciwo. Takardar zama ɗan ƙasa tana buƙatar shaidar iya harshe, yawanci ta jarrabawar da suke kira YKI. Daga Oktoban 2024 an ƙara shekarun zama kafin a nemi takardar daga 5 zuwa 8, sai wanda ya cika sharaɗin harshe ne ake rage wa. Karatun jami'a da Turanci kuwa, tun 2017 baƙin da ba 'yan Tarayyar Turai ba biya suke yi. Ga sanyi, ga duhu, domin a Disamba hasken rana a Helsinki bai fi awa shida ba. Wane fim namu ya taɓa nuna mai digiri yana goge-goge da asuba don bakinsa bai buɗe ba?

Su kansu 'yan ƙasar sun fi mu faɗin gaskiya. Daraktansu Aki Kaurismaki ya yi fim a 2017, The Other Side of Hope, a kan Khaled, ɗan Siriya da ya shigo Helsinki a ɓoye cikin jirgin ruwan gawayi, aka ƙi ba shi mafaka, ya ƙare a wani ƙaramin gidan abinci. Fim ɗin ya ci masa kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Balin. A 2023 kuma wani ɗan Italiya, Matteo Garrone, ya yi Io Capitano, a kan samari biyu 'yan Sanagal da suka bi ta Agadas zuwa Libiya. Agadas fa, nan bayan gidanmu! Sai da baƙo ya zo daga Rum ya ɗauki labarin.

Kada furodusa ya ce mani babu kuɗin zuwa Turai. Kuɗin da ake kashewa a je Dubai a yi rawa da waƙa fa? Ban da haka, irin wannan fim ɗaki ɗaya yake buƙata, da aji ɗaya, da waya. Mutum zaune shi kaɗai yana maimaita kalma, uwarsa ta kira daga ƙauye tana tambayar yaushe zai aiko da kuɗin taki, shi kuma ya ce komai lafiya. In wannan bai sa 'yan kallo hawaye ba, kishiya da boka ne za su sa?

Ba kuma sabon abu ba ne a adabinmu. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, labarin yaro ne da aka ƙetara Sahara da shi ya tashi cikin Larabawa. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'armu sun yi hijira gabas, suka kafa Mai Wurno a Sudan, jikokinsu suna can da Hausa da Larabci a baki. Ga 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda. Duk waɗannan labarai ne na harshe da baƙunta, suna nan zube ba mai ɗauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wuri ɗaya kawai finafinanmu suke tunawa da mai koyon harshe, wato wurin barkwanci. A fito da Bayarabe ko Ibo ko Bagware, ya ce wa mace "kai", ya ce wa namiji "ke", mu yi ta ƙyaƙyata. Alhali mai sayar da kayan gyaran mota a Funtuwa, wanda ya baro garinsu ya koyi Hausar da yake ciniki da ita har da zolaya, ya yi abin da da yawa cikin masu dariyar ba za su iya ba. Ranar da ɗanka ya tsaya gaban Bature yana in-ina, shi ne Bagwaren fim ɗin, kuma can ba dariya za a yi masa ba, aikin za a hana shi.

Ni ban ce kada kowa ya fita ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma Bahaushe bai taɓa tsoron hanya ba. Cewa na yi a gaya wa yaro farashin kaya kafin ya sayar da gona. Kai kuma mai karatu, kana da hannu a ciki, domin abin da kake kallo shi ake ƙara yi. Idan an sake kawo maka ɗan Alhaji mai kwat, ka tambayi mai fim ɗin ko marubuciyar littafin: da wane baki ya sayi burodi a makonsa na farko? Idan an kasa ba ka amsa, ka san an yi maka sakiyar da ba ruwa.

Allah ya sa masu abin su ji, su gyara.