Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Sufuri ta Tarayya, Daura

 

Maganar ɗalibai masu buƙata ta musamman ce ta kawo ni, kuma ƙofarka na zaɓa don jami'ar nan jaririya ce. A Disambar 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta. A Janairun shekarar kuwa shi ɗin ne, ɗan garin nan, ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda gurgu da makaho za su shiga su fita. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Tsofaffin jami'o'i suna iya fakewa da cewa benayensu sun girmi dokar. Taka dokar ce ta girme ta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da an ce a kula da nakasassu, abin da ke faɗo wa masu gini a rai shi ne gangarar siminti a bakin ƙofa. Sau da yawa a ƙasar nan sai a yi ta a tsaye, har sai ƙarti biyu sun tura keken, in mai keken ya shiga kuma ya tarar ƙofar banɗaki ba ta cin keke, laccar ma a saman bene take. Maganin na ƙarshen nan ko kwabo ba ya ci: mai tsara jadawali ya sauko da ajin ƙasa, shi ke nan.

Wanda aka fi mantawa da shi kurma ne, don ba a ganin lalurarsa. Yana zaune a layin gaba yana bin leɓen malami, malam ya juya ga allo ya ci gaba da bayani, darasi ya wuce shi. Ba mai dariya, ba mai tsangwama, sai dai ƙarshen zango a ce ba ya ja. Tafintan maganar hannu yake buƙata, da takardar darasi kafin a shiga aji. Makaho kuwa a ba shi darasin a kwamfuta mai karanta masa rubutu ko a rubutun makafi, a ƙara masa lokaci ranar jarabawa. Ba cewa nake a rage wa kowa maki ba, Farfesa. Injiniyan da aka ɗaga wa ƙafa a lissafi gadarsa za ta rufta da mu duka. Tambayar ta zama ɗaya, hanyar kai ta ga ɗalibi ce za ta bambanta.

An riga an gwada. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarabawarsu a cibiyoyi na musamman, har da Kano. Jami'ar Ilorin tana da cibiyar tallafa wa ɗalibai kurame, Jami'ar Bayero kuma tana da sashen ilimi na musamman da za a iya neman shawararsa.

Akwai kuma dalilin da ya shafe ku ku kaɗai. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Daura ya biyo, kuma yaranku ne gobe za su tsara tashoshi da taragai. Wanda ya yi shekaru yana aji ɗaya da mai keke, ya ga yadda matakala uku ke hana abokinsa shiga ɗakin gwaji, da wuya ya zana tashar da sai an ciccibi fasinja.

Roƙona shi ne a ware ofis guda da kasafinsa, a tambayi kowane ɗalibi buƙatarsa tun ranar rajista, kada a bar shi yana bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana roƙo kamar alfarma yake nema. A aika makarantar makafi ta Katsina da ta kurame a Malumfashi a shaida musu ƙofa a buɗe take. In albashin tafinta ya yi nauyi, a haɗa hannu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Daura. Kafin a karɓi kowane sabon gini daga ɗan kwangila kuma, a gayyato shugabannin guragu da makafi na masarautar nan su zagaya shi da kansu.

Allah ya taya riƙo. Wassalam.