Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Kebbi: A Ƙidaya Tsuntsayen Fadama, A Horar Da 'Yan Jagora

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu. Da Mai Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar, Allah ya ja zamanin Sarki. Da Shugaban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi.

Ina so in jawo hankalinku ga wata dukiya da ke sauka a fadamar Kalgo kowace shekara, ta tashi ba tare da an rubuta ko sunanta ba, wato tsuntsaye. A ƙasashe da dama kai baƙi kallon tsuntsaye sana'a ce da ke ciyar da ɗan jagora da mai kwalekwale da mai masauki. Shawarata ita ce Kebbi ta shiga wannan harka, amma ta ƙofar ilimi da horar da 'yan ƙasa, kafin a zuba ko bulo ɗaya da sunan otal.

Gulbin da ya ratso Argungu da Birnin Kebbi, ya bi ta ƙasar Kalgo da Bunza har ya faɗa Kwara, yana cikin ruwayen farko da tsuntsun da ya ƙetaro hamadar Sahara yake tararwa. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, agwagwan ruwa da tsuntsayen bakin tabki da suka yi ƙwai a Turai da Rasha sukan sauka a irin waɗannan fadamu, su haɗu da na gida: dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi da balbela. Gab da damina kuma sai ga shamuwa, wadda manomi ke ɗaukar isowarta a matsayin bushara. A tudun Gwandu, inda tsaunukan marmara da gonakin gero suke, akwai wasu daban, irin su fakara da cilakowa da hasbiya. Ke nan cikin yini guda baƙo zai ga tsuntsun ruwa da safe, ya ga na tudu da yamma, ya kuma ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A kudancin jihar ma, tsibiran Foge da ke tafkin Kainji sun shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar tun 2008. Sai dai wannan dukiya raguwa take yi. Gauraka, wadda dattawa suka saba gani a fadama, ta kusa ƙarewa a Najeriya, ungulun da ke cika mahauta a da ta shiga jerin masu fuskantar ɓacewa, madatsun Bakolori da Goronyo kuma sun sauya yadda ruwa ke malala a fadama.

Dalilin da ya sa na ce a fara da ilimi shi ne mai kallon tsuntsu ba gado mai laushi ke kawo shi ba. Tambayarsa uku ce: wane tsuntsu ke nan, a wane wata, wa zai nuna mini? Gambiya, duk da ƙanƙantarta, ta yi suna a wannan fage saboda an san tana da nau'i fiye da 500, kuma tana da matasan da suka ƙware wajen gane tsuntsu daga kukansa. A fadamar Mabamba ta Yuganda, masunta ne ke tuƙa baƙi a kwalekwale su ga wani tsuntsu mai ƙaton baki, kuma kuɗin da suke samu ya mai da su masu gadinsa. Nan gida, an san dausayin Haɗeja da Nguru da matattarar Dagona a duniya ne saboda an daɗe ana ƙidayar tsuntsayensu. Najeriya na da nau'i sama da 900, tana kuma da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasa tun 2015. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mai mazauni kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, tana bakin fadamar. Abin da ya rage shi ne ta ƙulla yarjejeniya da Jos, ta riƙa fitar da ɗalibanta ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a duniya kowace Janairu, ta wallafa sunayen tsuntsayen da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. 'Yan jagora kuwa a ɗauko su daga masunta da mafarauta, ta hannun sarakunan ruwa da hakimai, domin sun riga kowane malamin jami'a sanin makwancin dinya. Madubin hange da 'yan watanni na horo kawai suke buƙata.

Na san manomin shinkafa zai ce shi da tsuntsu ba shiri, kuma yana da hujja. Jan baki kan sauka kamar hadari ya share gona cikin kwanaki, shi ya sa hukuma ke yin feshi da jirgin sama. Ba na neman a bar manomi da asara. Amma jan baki nau'i ɗaya ne cikin ɗaruruwa, kuma maganin da ake fesa masa ba ya tantancewa: yana kashe sauran tsuntsaye, da shaho da mujiyar da suka ci gawar, alhali su ne ke rage ɓera a gona, kamar yadda balbela da shamuwa ke cinye fara. Matasan da suka iya bin sawun tsuntsu su ne za su gano makwancin jan baki da wuri, a yi feshi a daidai wurin, a rage ɓarnar magani da kuɗi. Ashe horon da zai amfani baƙo, manomi zai fara amfana da shi.

Wasu za su kawo batun tsaro, su ce wa zai zo alhali gandun dajin Kainji, da na W da ke tsallaken iyakarmu da Nijar da Benin, suna fama da 'yan bindiga? Gaskiya ne, kuma bai halatta a kai baƙo inda ba a amince da lafiyarsa ba. Wannan ma ƙarin dalili ne na farawa daga Kalgo da Gwandu, kusa da babban birnin jiha, da baƙin cikin gida: 'yan makaranta, ɗaliban jami'o'in Sakkwato da Aliero, da ma'aikatan da ke neman wurin hutun ƙarshen mako. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934 kuma UNESCO ta karrama a 2016, yana tara jama'a a bakin gulbin da ya ratso garin. Fita kallon tsuntsaye da asuba a kwanakin bikin ba za ta ci wani kuɗi mai yawa ba.

Ga masu ganin wannan al'adar Turawa ce ta marasa aikin yi, amsar tana cikin gadonmu. Alƙur'ani mai girma ya yi kira a dubi tsuntsaye a sararin sama a yi tunani, fiƙihun Malikiyya kuma ya ba shugaba ikon keɓe wani yanki na ƙasa don maslahar jama'a. Malam Abdullahi kansa ya yi rubutu kan hukunce-hukuncen ƙasar da ba a raya ba. Ranka ya daɗe, idan Masarautar Gwandu ta ayyana tabki ɗaya ko biyu a matsayin hurumi, inda ba harbi ba tarko ba zuba guba, amma kamun kifi da kiwo na ci gaba bisa ƙa'ida, ta bi sawun wanda ya kafa ta ne.

Saboda haka roƙona uku ne, kuma kowanne na da mai shi. Jami'a ta fara ƙidaya a Janairu mai zuwa. Masarauta ta zauna da masunta da manoma da makiyaya a zaɓi wurin da za a keɓe da yardarsu. Gwamnati kuma ta ɗauki nauyin horar da rukunin farko na 'yan jagora, ta ba su shaidar aiki, ta kuma ƙayyade kason da zai riƙa shiga asusun ƙauyen da aka ziyarta, domin wanda bai ga amfanin tsuntsu a aljihunsa ba, ba zai ajiye tarko ba. Allah ya yi muku jagora, ya ba Kebbi zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam,
Wani ɗan jiharku mai kishin fadama.