Amsar Wasiƙu: Dajin Hanta Da Gyaɗar Kasuwa

Wani malamin makaranta daga Fagge ya aiko mana da takarda a makon jiya. Bayan gaisuwa, ya ce yana da wa mai rumfar hatsi da gyaɗa a Kasuwar Sabon Gari, mutum ƙaƙƙarfa, wanda bai cika shekara 40 ba. Da azumin bara ya fara ƙin abinci, yana kukan wani nauyi ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Aka ce basir ne, aka ce shawara ce, aka sha sassaƙe, wanzami ya zo ya yi ƙaho. Sai da ciki ya kumbura aka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce dajin hanta ne, ya kuwa riga ya yi nisa. Bai ga Babbar Salla ba. Malamin yana tambaya, shin mene ne wannan daji, jifa ne kamar yadda maƙwabtan rumfa su ke faɗi, kuma ko akwai abin tsoro ga 'ya'ya biyar da mamacin ya bari?

Allah gafarta Malam, muna yi maka ta'aziyya. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Amsarka tana da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

Jikin ɗan Adam, ka sani, an gina shi ne da waɗansu 'yan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A jikin babban mutum akwai wajen tiriliyan 30. Kullum waɗansu suna mutuwa, waɗansu suna rabuwa biyu su maye gurbinsu. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani littafi, wanda likitoci ke kira DNA, mai haruffa wajen biliyan 3, shi ke gaya mata aikinta, da lokacin da za ta rabu, da lokacin da za ta daina. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu, wajibi ne ta kwafe littafin nan kaf, ta bai wa 'yarta.

To, ku malamai da akawuna kun fi kowa sanin abin da ke samun mai kwafe. Komai iyawarsa, wata rana sai ya tsallake wasali, ko ya sa ɗigo inda babu. Almajirin da ya kwafa daga gare shi kuwa ba ya gyarawa, sai ya ɗauki kuskuren ya ƙara nasa. Haka ya ke a jiki. Galibin kurakuran ba su da lahani, kuma akwai masu gyara da ke bin sawu. Babbansu shi ne wani da a ke kira p53, wanda aka gano a 1979. Aikinsa irin na duba-gari ne: in ya ga ɓarna ya tsai da rabuwa har a gyara, in ba ta gyaruwa ya umarci ƙwayar ta mutu. Amma umarnin yin duba-garin nan shi ma a cikin littafin ya ke rubuce. Idan kuskure ya faɗa kan wannan shafi, shi ke nan, an sami ƙwaya wadda ba mai kwaɓarta. A wajen rabin dajin da ke kama mutane, in an bincika, sai a tarar shafin nan ne ya ɓaci.

Watau dai daji naman mutum ne na kansa, wanda ya bar bin doka. Ba kuskure ɗaya ke kawo shi ba, sai sun taru da dama cikin zuriyar ƙwaya guda, shi ya sa ya kan ɗauki shekaru.

Ga wani lissafi da zan so akawuna su gwada a bayan ambulan. Ɗauki 1 ka ninka, ka sāke ninkawa, har sau 30. Za ka sami biliyan guda da 'yan kai. Ƙwaya biliyan guda kuwa ƙullutu ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a nan ne na'urar asibiti ta kan fara hango shi da kyau. Ƙara ninki 10 kacal a kai, nauyinsa ya kai wajen kilo guda, abin da jiki ba ya iya ɗauka. Ka ga ashe kashi uku cikin huɗu na tafiyar a ɓoye a ke yin ta. Lokacin da wan Malam ke sauke buhu daga mota yana raha da 'yan dako, abin yana nan ciki ya daɗe.

Ƙullutun nan halinsa halin mugun maƙwabcin rumfa ne. Yau ya turo tebur cikin hanya, gobe ya danne na kusa da shi, ya jawo sababbin jijiyoyin jini zuwa kansa don ya ci shi kaɗai. Daga baya 'ya'yansa su ɓalle su bi jini, su je su kafa reshe a huhu ko a ƙashi. Ita kuwa hanta, mai nauyin wajen kilo ɗaya da rabi, ita ce ma'aji da matatar jiki. Ita ke yin abin da ke riƙe ruwa cikin jijiya, in ta gaza, kuma jinin da ke ratsa ta ya rasa hanya, sai ruwa ya taru a ciki, ƙafafu su kumbura. Ita ke fitar da ruwan maɗaciya, in ya toshe sai ido ya yi rawaya, a ce shawara. Ita ke yin abin da ke daskarar da jini, ita ke tace dafin da in ya kai ƙwaƙwalwa mutum ya fara ruɗewa. Ramar kuwa, dajin ne ke sakin abubuwan da ke kashe sha'awar abinci su narkar da tsoka. Duk abin da Malam ya gani a jikin wansa yana cikin wannan bayani, ba sai an nemo mai jifa ba.

Sauran tambaya, me ke ɓata littafin hanta a ƙasarmu? Manyan abubuwa biyu ne.

Na farko ƙwayar cutar hanta ce mai lamba B, wadda wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamarta a 1965. Tana bin jini, daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ko ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani aiki da su ba a dafa ba. Babba in ya kamu galibi ya kan warke sarai. Jariri kuwa, 9 cikin 10 ta kan zauna musu har girma, tana cin hanta a hankali ba ciwo ba zazzaɓi, hanta tana ta gyaran kanta. Yawan gyara yawan kwafe ne, yawan kwafe kuwa ka san abin da ya ke haifarwa.

Na biyu ya shafi mu Kanawa ƙwarai, mu da aka san mu da dalar gyaɗa tun bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili. Da aka bi diddigi sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil, wadda funfuna ta kama. Dafin funfunar aka sa wa suna aflatoksin. Tana son gyaɗa da masara da aka zuba buhu ba su gama bushewa ba, ko aka ajiye a ɗaki mai laima da zafi. Suya da dafuwa ba su kashe dafin duka. In ya yi yawa ya kan kashe nan take, kamar yadda masara ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. In kaɗan-kaɗan ne, sai ya isa hanta ya manne wa littafin. A 1991 masana suka nuna ya kan sauya harafi ɗaya tak, a wuri ɗaya sananne, a shafin duba-garin nan da muka ambata.

Abin tsoro shi ne haɗuwarsu. A Shanghai ta ƙasar Sin an bi lafiyar maza fiye da 18,000, aka buga sakamako a 1994: mai dafin kaɗai hatsarinsa ya ninka wajen sau 3, mai ƙwayar cutar kaɗai wajen sau 7, mai duka biyu kusan sau 60.

A nan zan faɗi abin da ba zai yi wa kowa daɗi ba. A kowace kasuwa tamu, in an tsince gyaɗa, mai kyau ta tafi ga mai kuɗi, tsintar kuwa, watau baƙaƙe da motsattsu da masu ɗaci, ba a zubarwa. A kan sayar da ita da araha, ta koma ƙuli-ƙuli da yaji da kunun yara, ko mai rumfa ya kai gida don kada a yi asara. Dafin kuwa a cikin irin waɗannan 'yan ƙwayoyi ya fi taruwa. Ban ce abin da ya sami mamacin ke nan ba, Allah ne masani. Amma wanda ya auno buhu daga Dawanau ya ji warin ruma, ya sani araharsa ba araha ba ce.

Akwai kuma zancen da a ke yi, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Na san inda zancen ya samo tushe: mu kan kai mutum asibiti a ninki na 38, a yi masa aiki, ya rasu, sai a ɗora wa wuƙa. Alhali ƙullutun da aka tarar yana ƙarami, bai yi reshe ba, a kan yanke shi mutum ya rayu shekaru, hanta ma tana sāke tohowa.

Game da yaran, Malam, daji ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, kada a guji matarsa ko kwanonsa. Ƙwayar cutar ce ke yawo cikin gida. Ka kai matar da 'ya'yan biyar, da kai kanka da sauran 'yan ɗakinku, a gwada jininku a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku ce. Wanda ke da ita likita zai duba ko ya isa shan maganin da ke danne ta, a kuma riƙa haska hantarsa duk wata 6. Tun 2004 rigakafin nan yana cikin alluran jarirai a Nijeriya, ta farko kuwa an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira suna ba. Ran suna kuma, wanzami ya zo da sabuwar reza, a ɓare ta a gabanka.

Mai tambaya daga Wudil kan fitsarin jini da dajin mafitsara, takardarka ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.