Me ya sa mujallun kimiyya suka fara tantance shirin bincike tun kafin a tattara bayanai?

A watan Fabrairun 2023, Nature, ɗaya daga cikin manyan mujallun kimiyya na duniya, ta sanar da karɓar wani salon wallafa da ya saɓa wa abin da aka saba. Mai bincike zai fara miƙa tambayarsa da hanyar da zai bi, masana takwarorinsa su tantance, tun bai tattara bayani ko ɗaya ba. Idan shirin ya gamsar, mujallar za ta yi alkawarin buga sakamakon, ko ya gaskata hasashensa ko ya ƙaryata, muddin bai kauce wa shirin ba.

Mujallar Cortex ce ta fara wannan tsari a 2013, bisa jagorancin Chris Chambers na Jami'ar Cardiff a Birtaniya. Yanzu sama da mujallu 300 na amfani da shi.

Dalilin sauyin shi ne, mujallu sun daɗe suna fifita binciken da ya “gano wani abu”. Wanda bai gano komai ba yakan ƙare a aljihun tebur, lamarin da ke tunzura wasu su riƙa jujjuya alƙaluma har su ba da abin da ake so. A 2015, da aka maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙwari. Wani nazari na masana a Eindhoven da ke Holan, a 2021, ya nuna cewa kashi 96 cikin 100 na maƙalun fannin da aka buga ta tsohuwar hanya sun gaskata hasashensu, amma a sabon tsarin kashi 44 ne.

Sai dai tsarin na da nasa cikas. Tantancewa na iya cin watanni, kuma mai binciken noma da damina ta wuce shi ya yi asarar shekara guda. Bai kuma dace da binciken lalube, wanda ba a fara shi da hasashe ba.

Duk da haka, masu bincike da ke aiki da kuɗi ƙalilan ne suka fi buƙatar a gano kuskuren shirinsu kafin a kashe kuɗin. Haka ma jama'a: idan an gwada wani magani ko iri bai yi amfani ba, aka ɓoye sakamakon, majinyaci da manomi ne za su ci gaba da biyan kuɗin abin da ba ya aiki.