Jinyar Ajali: Kada Mu Sace Wa Ɗan'uwanmu Kwanakinsa Na Ƙarshe

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a cikinmu wadda muke yi wa kallon tausayi, alhali idan aka aza ta bisa ma'aunin Shari'a cutarwa ce tsantsa. Likita zai keɓe dangi ya shaida musu cewa sankara ta riga ta yaɗu, ko hanta ta lalace, ko ƙoda ta daina aiki, kuma a iya saninsa babu sauran magani sai dai sauƙaƙa raɗaɗi. Daga nan sai dangi su haɗa baki su ɓoye wa mai jinya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ai jiki ya yi kyau, gobe-jibi za ka miƙe." Ana haka har rai ya yi halinsa, mutum ya tafi da bashi a wuyansa, da amanar mutane a ɗakinsa, da gabar da bai warware ba.

Mun yarda cewa babu wanda ya san ajali sai Allah, kuma likita ba ya sanin gaibu. Sau nawa aka fid da rai da mutum ya tashi, mai jinyarsa ya riga shi? Amma wannan ba hujja ba ce ta yi wa Musulmi ƙarya a kan halin da yake ciki. Magabata na ƙwarai ba haka suka yi ba. A shekara ta 23 bayan Hijira, wato 644 Miladiyya, lokacin da Abu Lu'ulu'a ya soki Sayyidina Umar (RA) yana limancin sallar Asuba, an ba shi madara ya sha, sai ta fito ta wurin raunin. Nan take aka gane cewa tafiya ta zo, kuma ba a ɓoye masa ba. To, me ya yi da 'yan kwanakin da suka rage? Ya sa aka lissafa bashin da ake binsa, aka tarar ya kai wajen dubu 86, ya ɗora wa ɗansa Abdullahi biya. Ya aika neman izinin Nana A'isha (RA) don a binne shi kusa da abokansa biyu. Ya zaɓi mutum 6 su yi shawara a kan halifanci. Da an yi ta lallashinsa da zancen samun sauƙi, wanne daga cikin waɗannan zai kammala?

Saboda haka muke cewa natsuwar mai jinyar ajali tana farawa ne daga gaskiya. Sai dai gaskiya tana da ladubbanta. A zaɓi wanda majinyacin ya fi amince wa, a faɗa masa sannu a hankali gwargwadon abin da zuciyarsa za ta ɗauka, a haɗa da tunatarwa a kan yalwar rahamar Allah. Sunna ta umurci Musulmi da kyautata wa Ubangijinsa zato a lokacin mutuwa, ta kuma yi bushara cewa ciwo da damuwa suna kankare zunubai, kuma ƙofar tuba a buɗe take matuƙar rai bai kai ga maƙogwaro ba. Wanda ya riƙe waɗannan, ko da hawaye sun zubo masa, zuciyarsa tana da madogara.

Abu na biyu da ke ƙwace wa majinyaci natsuwa ya fi na farko muni, domin shi imani yake taɓawa. Da zarar asibiti ya gaza, sai a ce ai ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne. Sai a kama hanyar boka da ɗan bori da ɗan tsibbu, a yanka baƙin bunsuru, a ɗaura laya, a binne ƙaho. A sayar da gonar da marayu za su ci, a kai wa maƙaryaci. Daga ƙarshe a nuna kishiya ko ɗan'uba a ce shi ne ya yi, zumunci ya tsinke har jikoki. Wace hasara ce ta kai mutum ya shekara 60 yana sallah, sa'an nan a kwanakinsa na ƙarshe a rataya zuciyarsa ga wanin Allah? Neman magani halal ne, Manzon Allah (SAW) ya yi umurni da shi, haka nan ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta. Amma zuwa wurin mai da'awar sanin gaibu hanya ce ta shirka, kuma tsananin ciwo bai halatta ta ba.

Haka nan wajibi ne mu gyara wata fahimta, cewa wai haƙuri shi ne mutum ya yi ta murƙususu cikin azaba ba tare da an rage masa ba. Addini bai ce haka ba. Akwai fanni guda a likitanci wanda aikinsa ke nan, sauƙaƙa wa wanda ba a sa ran warkewarsa. Dakta Cicely Saunders ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967, Dakta Anne Merriman ta kafa wani a Yuganda a 1993 inda ake ba majinyata ruwan maganin mofin a gidajensu, kuma a 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sanya wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu. Shan irin wannan magani bisa umurnin likita bai saɓa wa tawakkali ba, hasali ma wanda raɗaɗinsa ya lafa shi ya fi iya sallah da zikiri. Abin da Shari'a ta haramta shi ne gaggauta mutuwa da gangan, ta kuma hana fatan mutuwa saboda wahalar da ta sami mutum.

To, da me majinyaci zai cika kwanakinsa? Da farko sallah, wadda ba ta faɗuwa matuƙar akwai hankali: in ya kasa tsayuwa ya zauna, in ya kasa ya kishingiɗa ya yi nuni, in ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. Azumin da ba zai iya ramawa ba, a ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Sa'an nan ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi, ya mayar da amana, ya nemi gafarar waɗanda ya zalunta, ya yafe wa waɗanda suka zalunce shi. In zai yi wasiyya kada ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) lokacin da ya kwanta ciwo a Makka, kuma babu wasiyya ga magaji. Mai hali ya haƙa rijiya ko ya bar waƙafi. Marar hali ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasicci da tauhidi da riƙon zumunci, domin addu'ar ɗa na gari tana riskar mahaifi a kabarinsa. Mutumin da ke da wannan aiki a gabansa ba zai ga kansa a matsayin kaya a wuyan iyali ba.

Mu kuma masu lafiya akwai haƙƙi a kanmu. Dubiya sunna ce, amma a taƙaita zama, a bar labarin waɗanda irin ciwon ya kashe, a bar zancen gado a gaban mai numfashi. Idan alamun tafiya suka bayyana, a laƙƙana masa kalmar shahada cikin taushi ba tare da matsawa ba, a kuma nisanci kururuwa da yage tufafi. Muna kira ga rassanmu da kwamitocin masallatai su kafa ayarin dubiya na maza da na mata, su tanadi asusu don abinci da magani, musamman ga gidajen da mai ciyar da su ne ke kwance. Muna kira ga malamai su karantar da hukunce-hukuncen jinya da wasiyya tun mutane suna da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ciwo ya zama kaffara, Ya sa mu cika da imani. Amin.