Wai Bincike! Gwamnatin Ostireliya Da Kamfanin Optus

Da asubahin ranar Laraba 8 ga Nuwamba, 2023, mutanen ƙasar Ostireliya kimanin miliyan 10 suka wayi gari wayoyinsu sun zama hoto. Layin kamfanin Optus, wanda shi ne na biyu a girma a ƙasar, ya ɗauke ɗif har sama da awa 12. Jiragen ƙasa na birnin Melbon suka tsaya cik, 'yan kasuwa suka kasa karɓar kuɗi ta kati, wasu asibitoci ma ba a iya samun su ta waya.

To amma 'yan uwa, babban tashin hankalin ba nan yake ba. A can suna da lambar neman agaji, 000, wadda ake kira idan gobara ta tashi ko ciwo ya kayar da mutum. A ranar ita ma ta ƙi shiga ga ɗimbin jama'a.

Nan da nan mahukunta suka hau kumfar baki. Majalisar Dattawa ta kira shugabar kamfanin, Kelly Bayer Rosmarin, inda aka shaida wa majalisar cewa wai kira 228 ne kacal suka kasa shiga. Bayan kwana uku ta yi murabus. Da hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, ACMA, ta gama nata binciken, sai ga shi mutum 2,145 ne suka kasa samun agaji, kuma 369 daga cikinsu kamfanin bai ko waiwaye su ya ji suna raye ko sun mutu ba, alhali doka ta wajabta masa yin haka. Su kuwa masu layi, data aka ba su ta lallashi, 200GB.

Hukuncin fa? A Nuwamban 2024 aka ci tarar kamfanin dalar Ostireliya miliyan 12 da 'yan kai. Kamfanin da cinikinsa ke kai wa wajen dala biliyan 8 a shekara! Mai karatu ya lissafa da kansa: tarar ba ta kai cinikin kwana guda ba. Wane ɗan jari-hujja ne wannan zai hana barci?

Gwamnati kuma ta sa Richard Bean ya yi nazari, ya kawo shawarwari 18, aka ce duk an karɓa, ciki har da naɗa mai sa ido na musamman a kan lambar 000. Aka yi ta jan ƙafa.

Ranar Alhamis 18 ga Satumba, 2025, sai ga maimaici. Garin gyaran na'urori, Optus ya sake toshe 000 na kusan awa 13 a wasu sassan ƙasar. Ɗaruruwan kira suka kasa shiga, wannan karon har da rasa rayuka. Abin takaici, akwai waɗanda suka buga wa kamfanin suna gaya masa lambar ba ta shiga, ba a ɗauki maganarsu da muhimmanci ba.

Laifin kamfani a fili yake, ba mai wanke shi. Amma mahukuntan da suka karɓi shawarwari tun Afrilun 2024, da wane baki za su tuhumi wani? Dokar da ta ba mai sa idon nan ƙarfi, sai a Oktoban 2025 aka kai ta gaban majalisa, bayan an riga an binne mutane.