Ki Ja Ta A Jiki Kafin Wani Ya Ja Ta

'Yan uwana mata, musamman iyayen 'yammata da samari. Yau da ku nake, kuma da kaina nake, domin laifin da zan faɗa na daɗe ina aikata shi kafin Allah ya ganar da ni. Wadda ta ji zafin maganata ta yi haƙuri, dama ita gaskiya ɗaci gare ta.

Akwai wata magana da nake yawan ji a gidajen suna da biki a nan Dukawuya, kuma da alfahari ake faɗarta. Za ki ga mace ta gyara ɗaurin ɗankwali tana cewa, "Ni fa 'ya'yana tsorona suke ji, ina shigowa kowa yake shiga taitayinsa." Sai sauran mata su ce, "Ai ke kin iya tarbiyya." To ni na ce wallahi ba ta iya ba. Abin da ta iya kawai shi ne koya wa 'ya'yanta yadda za su ɓoye mata abu. Yarinyar da take jin motsinki ta yi tsit, kin san me take yi idan kin ba da baya?

Bari in ba ku nawa labarin. 'Yata ta biyu tana da shekara 16, rannan ina kakkaɓe katifarta sai ga waya ta faɗo. Ni ban saya mata ba, babanta bai saya ba. Ban tsaya tambayarta komai ba na ɗauko muciya na lakaɗa mata duka, na fasa wayar da ƙasa, na ce ko Islamiyya ba za ta sake zuwa ba sai da rakiyar ƙaninta. Na kwanta ina ganin na yi maganin abin. Bayan wata biyu sai wata maƙwabciya ta tsegunta min cewa ai akwai wata wayar, a gidan ƙawarta ake ajiye ta. Ashe duk dukan nan bai raba ta da mai sayen waya ba, da ni ya raba ta.

Da na kai kukana wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, sai ta dube ni ta ce, "Ke kin taɓa tambayarta wa ya ba ta? Kin san abin da yake gaya mata? Shi yana lallashi ke kina duka, yo wa kike zaton za ta bi?" Wallahi jikina ya yi sanyi.

Daga nan na daina tura ta gidan kitso. Na riƙa zaunar da ita a gabana ina yi mata da kaina, tunda a kitso ba a haɗa ido, magana ta fi sauƙin fita. Na fara da ba ta labarin nawa 'yammatancin, har da wautar da na yi. Ba ta ce min komai ba sai a kitso na uku. Ashe magidanci ne, ya kusa sa'ar babanta, ya ce aurenta zai yi amma kada ta faɗa a gida, har ya fara cewa ta same shi a wani wuri. Zuciyata ta yi ta tafarfasa amma na danne, na ce da ita, "Mai son aure ta ƙofar gida yake shigowa da sallama. Ki ce masa ya turo magabatansa, ni zan tsaya miki wajen babanki." Ta faɗa masa. Daga ranar bai sake kiranta ba. Ta sha kuka, amma a kan cinyata ta yi shi. Da na ci gaba da muciya, Allah kaɗai ya san inda za a tsinto ta.

Kuma ba mu kaɗai muka gwada wannan hanya ta ƙwace da hanawa ba, hukuma ma ta gwada. A shekarar 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tattara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. To amma 'yammata sun daina karatu? Ina! Labaran sun koma cikin waya, a WhatsApp da Facebook, inda babu mai tacewa, wasu ma sun fi na da muni nesa ba kusa ba. Da a ce kowace uwa ta karɓi littafin ta karanta, ta zauna da 'yarta suka tattauna wane ne mutumin kirki a labarin, wane ne mayaudari, da yarinyar ta samu ma'aunin da za ta auna ko me ta ci karo da shi.

Samari ma haka. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata mai bi aka sake gano irinsa a Daura. Abin da ya fi tayar min da hankali, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu har suna biyan kuɗi, wai a gyara musu hali. Haba jama'a! Yaron da ba ki taɓa zama kin ji damuwarsa ba, mari ne zai ji miki?

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce wannan ai tarbiyyar Turawa ce, mu da duka aka tashe mu kuma ga mu mun zama mutane. Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba, kuma mai tanƙwara icce a hankali yake bin sa. Batun Turawa kuwa, mu koma ga namu. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida cewa ko tsawa bai taɓa yi masa ba. Wani saurayi ya zo yana neman a ba shi izinin alfasha, sahabbai suka taso masa, amma Manzon Allah (SAW) ya matso da shi kusa, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa ko 'yar uwarsa, sannan ya yi masa addu'a. Saurayin nan bai sake waiwayar abin ba. To mu wa muka fi kishin tarbiyya?

Sai kuma kunyar nan tamu da ba ta da amfani. Uwa tana kunyar 'yar fari har ba ta iya kiran sunanta, balle ta gaya mata mene ne jinin al'ada da yadda ake wankan tsarki. Yarinya ta ga jini ta firgita ta tafi wajen ƙawa, ƙawar da ita ma makauniya ce. Duk abin da kika ji kunyar gaya wa 'yarki, ki tabbata akwai wanda zai gaya mata a waje, kuma shi ba ya jin kunya.

Kada wata ta ce na ce a sangarta yara. A gidana har gobe akwai doka: ba mai kaiwa magariba a waje, zance a zaure ake yi kuma da lokacinsa, ƙawayensu duk na san gidajensu. Bambancin shi ne kowace doka na gaya musu dalilinta, kuma wanda ya zo ya faɗi laifinsa da bakinsa ba ya shan hukuncin wanda na kama. Faɗa ma idan ya kama, a ɗaki nake yi, ba a gaban ƙanne ko kishiya ba.

Ku dubi unguwar nan tamu. Magabatan da suka gina badala sun yi mata ƙofofi, Dukawuya da Kabuga da Gadon Ƙaya da sauransu, aka sa sarkin ƙofa yana lura da mai shiga da mai fita. Ginin da ake kulle mutum ba fita kuwa ga shi can a Goron Dutse, gidan yari sunansa. 'Yar uwa, 'yarki gidan miji za ta, ɗanki kasuwa ko jami'a zai tafi, babu wanda za ki bi da bulala. Abin da kika zuba musu a zuci shi kaɗai zai raka su.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin sauraronsu, amin summa amin.